Wane Wata Aka Ɗauki Hoton? Tarihin Kallon Ƙasar Katsina ta Idon Kyamara

Idan kana cikin masu ɗora hotunan ƙasashen waje a fuskar wayarsu, na san ka taɓa cin karo da irin wannan: kwari tsakanin manyan duwatsu biyu, rafi na gangarowa ta tsakiya, itatuwa sun yi ja sun yi ruwan ɗorawa kamar an tsoma su a marina. Daga Satumba zuwa Nuwamba ake ɗaukar irin waɗannan hotuna a Turai da Amurka da Japan, wato daidai lokacin kakarmu. Wani abokina ya taɓa turo min ɗaya, ya rubuta a ƙarƙashinsa: "Mu dai ba mu samu wannan ba, sai rairayi." Na yi dariya, amma maganar ba ta bar ni ba. Wannan tunani, cewa ƙasarmu rairayi ce kuma rairayin ƙaruwa yake yi, yana da tarihi. Wani babban yanki na tarihin kuwa ya rataya ne ga abu ɗaya da ba kasafai muke tambaya ba idan aka nuna mana hoto: a wane wata aka ɗauke shi?

Bari mu fara sallamar maganar launin ganye, don kada ta riƙa ja mana riga. Ganye kore ne saboda wani sinadari da ake kira kilorofil, wanda da shi tsiro ke kama hasken rana ya haɗa abincinsa. A ƙarƙashin koren nan akwai launin rawaya da ruwan lemo a ɓoye tun farko. A tsaunukan Turai, inda bambancin tsawon yini tsakanin tsakiyar shekara da ƙarshenta ya haura awa 7, gajartar yini da shigowar sanyi su ke sanar da itace cewa lokaci ya yi. Sai ta wargaza kilorofil ɗin, ta janye abin amfanin da ke cikinsa zuwa rassa, rawayar ta fito fili. Wasu itatuwan ma sukan ƙera sabon jan launi a makonnin ƙarshe. Katsina kuwa tana wajen digiri 13 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, bambancin yininmu mafi tsawo da mafi gajarta kamar awa ɗaya da rabi ne kawai. Abin da ke kaɗe ganye a nan ƙishirwa ce, ba sanyi ba, kuma kowace itace da lokacinta. Kuka kan tuɓe da wuri. Tsamiya da kanya su riƙe nasu. Gawo kuwa, ka san halinsa: da damina yake tsirara, sai ruwa ya ɗauke sannan ya yi ado.

Launin kakarmu a gona yake. Gero ya riga ya shiga rumbu, dawa ta sunkuyar da kai, kaura ta yi rawaya, farafara ta yi fari, harawar wake da ta gyaɗa na bushewa a kan rassa, ciyawar bakin hanya ta koma ruwan zinare. Kuma kada ka ce gajartar yini ba ta aiki a nan. A 1968 wani masani, D. L. Curtis, ya wallafa binciken da ya nuna cewa dawar gargajiya ta Najeriya tana bin tsawon yini wajen fitar da kai, kowane iri ya daidaita da lokacin da ruwa ke ɗaukewa a yankinsa. Wato agogon da ke rina itatuwan Turai, shi ne dai ke gaya wa dawarmu ta fitar da zangarniya.

Duwatsu ma, gaskiya birnin Katsina a shimfiɗe yake. Sai ka miƙa kudu wajen Dutsin-Ma ka fara ganin curarrun duwatsu sun taso daga fili, da kwarin Karaduwa inda aka gina madatsar ruwa ta Zobe. A kewayen birni abin da muke da shi fadamu ne da ƙoramu irin su Ginzo da Tille. To waɗannan ne kwarurrukanmu, kuma su ne suka fi saurin canza kama tsakanin wata da wata.

Biyu sun zo da rani, kowa da abin da ya gani

A ƙarshen Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, ya shigo Katsina a zamanin Sarki Muhammadu Bello. An ƙirƙiro ɗaukar hoto tun 1839, amma Barth da fensir ya yi aikinsa. Zane yake yi a littafinsa, daga baya wani mai zane a Jamus, Johann Martin Bernatz, wanda bai bi shi tafiyar ba, ya mayar da zane-zanen hotuna masu launi don littafin da ya fito a 1857 da 1858. Ka ga tun daga nan ma an fara samun hannu biyu tsakanin ƙasar da mai kallo. Barth ya tarar da ganuwa mai kewayen mil 13 zuwa 14, amma mutanen ciki ya ƙiyasta su ba su wuce dubu 7 ko 8 ba, galibin filin cikin ganuwa gonaki ne da kangaye. Da ya fita ya nufi Kano, sai ya rubuta cewa ƙasar da ya ratsa kudu da birnin tana cikin mafi kyawun da ya taɓa gani a rayuwarsa: gonaki da manyan itatuwa a warwatse cikinsu, shanu na kiwo. Lura fa, a ƙarshen watan Janairu ne wannan, ana tsakiyar rani.

Bayan shekara 83, a 1934, wani Bature ya zo wannan yanki na iyakar Najeriya da Nijar, shi ma da rani. Sunansa Edward Percy Stebbing, farfesan ilmin gandun daji a Jami'ar Edinbara, wanda ya yi shekarun ƙuruciyar aikinsa a dazuzzukan Indiya. Shi abin da ya gani mutuwa ce. A 1935 ya gabatar da takarda a gaban ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan, ya ce Sahara na gangarowa kudu, ya ƙiyasta ta yi shekara 300 tana cin kamar kilomita ɗaya a kowace shekara, kuma idan ba a dasa wani ƙaton shinge na itatuwa a bakin iyaka ba, har Kano tana cikin haɗari.

Me ya raba su? Ba na cewa ƙasar ba ta canza ba cikin shekara 83, ta canza, har an yi mummunar yunwar 1913 zuwa 1914 da ake kira Kakalaba. Amma ni dai abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ta inda kowannensu ya ɓullo. Barth daga Tarabulus ya taso, ya yi watanni yana ratsa hamada ta Azbin, don haka da ya ga ɗorawa da tsamiya sai ya ga aljanna. Stebbing kuwa daga bakin teku ya hauro, daga dazuzzuka masu duhu, sai ya ga gonar da aka girbe aka kwashe kara, iska na tada ƙura a cikinta, ya ɗauka gawar daji ce. Da ya dawo wannan gonar a watan Agusta, da gero ya shanye kansa.

Maganarsa ta girgiza gwamnatocin mulkin mallaka har Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa na jami'an gandun daji, wanda ya bi iyakar daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. Su ma da rani suka yi tafiyar, amma akwai a cikinsu waɗanda suka yi shekaru suna aiki a yankin, sun san kamanninsa na kowane lokaci. Ba su sami shaidar cewa tudun rairayi na tafiya ya binne ƙasa ba. Jigayin da suka gani a kafe suke, ciyawa da ƙananan itatuwa sun riƙe su. Abin da suka tabbatar shi ne ɓarna a wurare daban-daban, daga sare itace da ƙone daji da nome ƙasa ba hutu. Wani abin mamaki: ɗaya daga cikin Faransawan kwamitin, André Aubréville, shi ne daga baya a 1949 ya yaɗa kalmar Faransanci da a yau muke fassarawa da kwararowar hamada.

Tsofaffin hotunan da muke gani na zamanin Turawa ma suna da nasu son kai, tun daga shigowar Lugga Katsina a 1903. Jami'in mulki da rani yake rangadi, lokacin da hanya ke biyuwa kuma rafuka sun ƙafe, don haka da rani yake ɗaukar hoto. Abin da ke gabansa kuma yawanci sarki ne da dawaki, ko ƙofar gari, ko Hasumiyar Gobarau. Gona da daji sai dai su faɗo a bayan hoto. Sannan kayan ɗaukar hoton kansu ba sa ganin launi yadda idonka ke gani. Farantan farko shuɗin haske kawai suke ji, shi ya sa sama ke fitowa fara fat, ganye ya fito baƙi. A 1873 Hermann Vogel ya gano dabarar sa su ji kore, amma wanda ke jin har ja sai wajen 1906 ya shiga kasuwa, fim mai launi irin Kodachrome kuwa sai 1935. Ƙara da hazo: ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi tana watsa haske ta ko'ina, ta shafe duk abin da ke nesa. Hoto baƙi da fari, cikin hazo, bayan girbi, ai ko gonar da ta fi kowace albarka kufai za ta zama.

Da aka koma kallo daga sama

Jiragen sama na farko sun sauka Kano a Nuwamban 1925, amma ɗaukar hoton ƙasa daga sama a tsare ya kankama ne bayan yaƙin duniya na biyu, da Ingila ta kafa hukumar safiyon ƙasashen da take mulka a 1946. Jirgi zai riƙa bin layi miƙaƙƙe, kyamara na kallon ƙasa, kowane hoto ya hau kan rabin na bayansa da ɗoriya. Idan ka jera biyu a ƙarƙashin wani gilashi mai ido biyu, sai ka ga ƙasar ta taso, tudu ya zama tudu, kwari ya zama kwari. Masu wannan aiki suna da matsala irin ta kowane mai ɗaukar hoto a nan: da damina gajimare ya rufe, da hunturu hazo ya rufe. 'Yar tagar da ta rage ita ce kaka, makonnin nan tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar ƙura, lokacin da ruwan sama ya wanke iska tas.

Daga irin waɗannan hotuna ne aka warware wani ɓangare na rikicin Stebbing. A. T. Grove, masanin labarin ƙasa da ya yi nazarin ƙasa da jama'ar lardin Katsina a shekarun 1950, ya wallafa wata takarda a 1958 kan abin da ya kira tsohuwar hamadar ƙasar Hausa. Daga sama ana ganin dogayen jigayi a jere, sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, abin da mai tafiya a ƙasa ba zai lura da shi ba don sun lafa, an nome su, an yi garuruwa a kansu. Waɗannan tudun rairayi ne na gaske, amma iska ta jera su ne a wani zamanin fari sama da shekara 10,000 da suka wuce. Wato rairayin da ke ƙarƙashin gonar geronka ba baƙo ba ne da ya iso jiya daga Agadas. Ya riga kakanninka zuwa. Abin da ke faruwa idan aka tuɓe masa ciyawa da itace shi ne ya farka a inda yake kwance. Wannan bambanci ba wasa ba ne, domin maganin abin da ke tahowa daga nesa katanga ce, maganin abin da ke farkawa a gida kuwa kula da gona ne.

Duk da haka kuskuren ya sake dawowa, da sabon kaya. Shekarun 1950 shekarun ruwa ne sosai a duk yankin Sahel. Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwa ya ja baya, aka yi farin 1972 zuwa 1974, aka sake yin na 1983 da 1984. A 1975 wani masani, Hugh Lamprey, ya yi shawagi da ƙaramin jirgi a Sudan, ya gwada bakin hamadar da ya gani da wata taswirar tsirrai ta 1958, ya ce hamada ta matso kilomita 90 zuwa 100 cikin shekara 17, wato kamar kilomita 5.5 a shekara. Adadin ya zagaye duniya. Amma dubi abin da aka gwada: taswirar da aka zana a ƙarshen shekarun ruwa, da kallon da aka yi a ƙarshen shekarun fari. Da masu bincike daga Jami'ar Lund ta Suwidin suka koma yankin da hotunan sama da na tauraron ɗan'adam, ba su sami wannan tafiya ba. A 1991 kuma Compton Tucker da abokan aikinsa suka nuna, da hotunan tauraro na 1980 zuwa 1990, cewa bakin Sahara gaba da baya yake yi: ya gangaro sosai a 1984, ya koma arewa da ruwa ya dawo. A Najeriya ma akwai adadin da za ka ji a kusan kowane taron dashen itace, wai hamada na cin kilomita 0.6 a shekara. In ka sake jin sa, tambayi mai faɗar tsakanin wace shekara da wace shekara aka auna, kuma a wane wata.

Ni kaina na faɗa wannan rami, shi ya sa nake maganar da zafi. Lokacin da nake digiri na biyu na sauke hotunan Landsat guda biyu na wata fadama kusa da birni, tsakaninsu shekaru masu yawa. Tauraron Landsat na farko an harba shi a Yulin 1972, kuma tun 2008 hotunansa kyauta ne ga kowa. Yana ganin wani haske da ke gaba da ja, wanda idonmu ba ya gani, kuma lafiyayyen ganye na mayar da shi da ƙarfi. Idan ka gwada shi da jan hasken da ganyen ke shanyewa, sai ka sami ma'aunin kore. Na yi lissafina, na ga fiye da rabin koren ya ɓace. Na kwana ina murna, wai na gano abu. Washegari malamin da ke duba aikina ya kalli takardar bai fi minti ɗaya ba, ya ce, "Wane wata aka ɗauki wannan, wane wata aka ɗauki wancan?" Na duba. Na farko Oktoba, na biyu Maris. Ya miƙo min takardar ya ce, "To, ka gano rani. Allah ya sa albarka." Makonni uku na aiki suka tafi a haka.

Hoto biyu daga wuri ɗaya

Maganin wannan cuta an daɗe da sanin sa, kuma daga kwarin duwatsun da abokina ke sha'awa ya fito. A wajen 1888 wani masanin lissafi Bajamushe, Sebastian Finsterwalder, ya fara ɗaukar hoton ƙanƙarar da ke kwance a kwarurrukan tsaunukan Alps daga wurare da ya yi wa alama, ya riƙa dawowa yana sake ɗauka daga daidai inda ya tsaya. Hoto ɗaya ado ne. Biyu daga wuri ɗaya, a lokaci ɗaya na shekara, sun zama awo.

A Afirka an yi irin wannan a tsaunukan arewacin Habasha. Sojojin Ingila da suka kai yaƙi Magdala a 1868 sun ɗauki hotunan kwaruruka da duwatsun da suka ratsa. Bayan shekara 140 Jan Nyssen da abokan aikinsa suka nemo wuraren ɗaya bayan ɗaya, suna daidaita ƙahon dutse da ƙahon dutse, suka sake ɗauka. A wurare da dama itatuwa sun fi yawa a sabon hoton fiye da tsohon, duk da jama'a sun ninka sau da yawa.

Amma ba sai ka je Habasha ba. Daga Katsina ka bi ta Jibiya, ba ka cika kilomita 100 ba ka isa Maraɗi. A can ne a farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, bayan ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara, irin su kalgo da sabara, toho ne daga kututture masu rai da saiwoyi masu zurfi. Idan aka bar reshe ɗaya ko biyu aka gyara, cikin 'yan shekaru itace ta tashi. Manoma suka karɓa, suka faɗaɗa, suka sa masa suna sassaben zamani. Shekara ashirin abin na yaɗuwa daga gona zuwa gona ba tare da duniya ta sani ba, har sai da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya jera hotunan sama na 1975 kusa da na shekarun 2000. A ƙauyuka irin su Galma, filin da a da ɗigon itatuwa ke ƙirguwa da yatsa ya cika da su. Ƙiyasin da aka yi shi ne kadada miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. A namu ɓangaren kuma Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya daɗe da nuna cewa a karkarar Kano mai cunkoson jama'a manoma sun riƙe itatuwan gonakinsu har cikin shekarun fari.

Kada ka fahimce ni a karkace. Ba cewa nake komai lafiya ba. Duk wanda ya tashi a Katsina ya ga gonakin da ke tsakanin birni da Batagarawa sun koma filoti da katangun bulo. Ƙauyen da Polly Hill ta zauna ta yi nazarin manomansa a 1967 yau ya kusa haɗewa da gari. Ganuwar da Barth ya kewaya saura guntaye. Motocin itace da buhunan gawayi ba daga sama suke zuwa ba. Kuma kore ma suna suka tara. Bedi, wanda wasu ke kira dalbejiya, daga Indiya aka kawo shi, ba ya zubar da ganye gaba ɗaya da rani, kuma shi ya cika titunanmu da shingayen itatuwan da aka dasa a jihar tun shekarun 1980. Tauraro zai nuna maka unguwa ta yi kore, ba zai gaya maka cewa ɗorawa da kanya da rimin da ke wurin sun tafi ba. Kowane ɗigo a hoton Landsat na yanzu fili ne mai mita 30 a kowane gefe, na Sentinel-2 mita 10. Kukar da ke tsaye ita kaɗai a gona narkewa take yi a ciki. Gawo kuwa yaudarar ma'aunin kore yake yi ƙiri-ƙiri: ka auna da damina ka ce babu shi. Don haka masu ƙirga itatuwa daga sama suka fi son hoton bayan girbi, lokacin da amfanin gona da ciyawa sun bushe amma yawancin itatuwa na riƙe da ganye, gawo kuma ya fara nasa. Ka ga mun sake dawowa ƙarshen kaka.

Abin da ke cikin wannan magana kuɗi ne da gumi. Katsina na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda a siffarsa ta farko jikan shingen Stebbing ne. Idan hoton da ke kan masu tsarawa na rairayi ne mai tahowa, za a zuba kuɗi a layin dashe, a yi bikin, a ɗauki hoto ranar dasawa, a tafi. Idan kuwa hoton na gona ne mai kututture masu rai, za a tambayi manomi me ke hana shi barin toho ya girma. Ni a ganina hoton da ya fi kowane muhimmanci a aikin dashe shi ne wanda ba a cika ɗauka ba, na wurin nan dai bayan shekara uku. Akwai kuma wuraren da yau ba mai iya zuwa ya tsaya da kyamara. Dajin Rugu, da ya yi iyaka da Batsari da Safana da Ɗanmusa, matsalar tsaro ta mayar da shi wurin da sai dai a leƙa daga tauraro, da duk gazawar da na lissafa maka.

Inda ake iya zuwa kuwa, wayar da ke aljihunka ta fi duk kyamarar da Turawan rangadi suka riƙe. Sai dai ita ma tana da nata ƙarin gishiri: tana ƙara wa kore ƙarfi, tana goge jan hazo don hoton ya yi kyau. Don haka kada ka dogara da launi, dogara da abin da ke ƙirguwa, itace nawa, gini nawa, bakin kwazazzabo ya kai ina. Nemi abin da ba ya motsi ka tsaya a kansa, kan gada ko wani dutse, ka sa wani abin da ba ya motsi a cikin hoton, kamar hasumiyar masallaci ko turken wuta. Ka nemi izinin mai gona, in ƙauye ne ka fara gaida mai unguwa, kuma ka nisanci shingen jami'an tsaro. Wayar na rubuta rana da wuri a cikin fayil ɗin hoton, amma da zarar ka tura ta WhatsApp a matsayin hoto ko ka ɗora a Facebook, wanda ya sauke ba zai sami bayanan ba, shi ya sa hotunan "da da yanzu" da ake yawo da su ba sa amsa tambayar malamina. Ajiye na asalin, ka sa kwanan wata a sunansa.

Ni wurare huɗu nake zuwa, a mako na uku na Oktoba, da hantsi kafin rana ta take. Ɗaya kan wata 'yar gada ce a hanyar Dutsin-Ma, ina fuskantar gabas. A hoton shekarar farko akwai kuka ɗaya, gawo uku da gonar dawa har bakin ƙorama. A na biyu komai na nan, sai dai an shuka wake a madadin dawa. A na uku gawo biyu ne, kuma an zuba lodin yashi da bulo a gefen hagu. Mai gonar ya gan ni ina daidaita waya da tsohon hoton da na buga a takarda, ya karɓa ya daɗe yana dubawa, sannan ya nuna min wani toho da ya bari kusa da kututturen gawon da aka sare, ya ce in tabbatar ya fito a na baɗi.